Idan malamar gyaran magana ta rasu a makarantarku: yadda za a tuna da ita yaranta ba su koma gidan jiya ba

Rasuwar malamin lissafi ko na Turanci abu ne mai ciwo, amma kafin zangon karatu ya ƙare za a turo wani ko a raba darussan tsakanin malamai. Ita kuwa malamar da ke zama da yara masu in'ina da masu tsamin baki da waɗanda kunnensu ya yi nauyi, da wanda ya kai shekara biyar bai haɗa kalma biyu ba, idan Allah Ya karɓi abinSa to galibi ba wanda ake turowa, don tun farko ma makarantun da ke da irinta a Zamfara ba su taka kara sun karya ba. Na koyar a Gusau tare da irin wannan baiwar Allah, Allah Ya jiƙan ta Ya sa ta huta, kuma abin da na fahimta shi ne ranar da aka kai ta makwancinta akwai ilimin yara da yawa da ke shirin bin ta, sai fa idan an tashi da wuri. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan ya karkata ne ga yaran, ba ga banna da kalanda ba.

A fara da gidan mamaciya. Sanarwa ta iyalinta ce, ba ta guruf ɗin malamai ba, kar wani ya yi rige-rigen sa "Innalillahi" a sitatus alhali ɗiyarta da ke makarantar kwana ko mahaifiyarta da ke Ƙauran Namoda ba su ji ba tukuna. Hotonta ma a tambayi maigidanta ko babban ɗanta kafin a sa, wasu gidajen ba sa so sam, kuma hoton gadon asibiti wallahi ba shi da wani amfani. Malamai su je ta'aziyya cikin kwana ukun nan, mata su shiga ciki maza su tsaya waje, a kai abinci maimakon a je a zauna ana jiran a kawo, domin sunna ita ce maƙwabta su dafa wa gidan rasuwa. Kuma shugaban makaranta ya faɗa a fili a gaban malamai: duk wanda Malama ke binsa bashi ko yake binta, har da zubin adashi da kuɗin kofaretib, ya zo ya faɗa. Bashi ake fara biya kafin a taɓa gado, wannan ya fi duk wani jawabi amfani gare ta. In kuma malamar taku Kirista ce, kamar 'yar ƙasar Zuru ko wadda aiki ya kawo daga Kudu, sai a bi tsarin iyalinta, a wakilta malamai su raka, sauran abin da ke ƙasa duk bai canza ba.

Sai faɗa wa yara, nan ne mutane suka fi kwafsawa. An saba a tsaya a asambuli a ce "Allah Ya yi wa Malama rasuwa, a yi mata Fatiha", a shafa, a shiga aji. Ga sauran ɗalibai ya wadatar. Amma yaran da take zama da su a ɗakinta, ku tuna da yawansu ba sa kama magana a cikin hayaniya, wani ba ya ji daga nesa, wani yana ji amma jimla mai tsawo tana wuce shi. A ware su tun kafin asambuli, kaɗan-kaɗan, malamin da suka fi sabawa da shi ya zauna daidai tsayinsu, fuska da fuska, a wuri mai haske don masu karanta leɓe, ya faɗa da gajerun kalmomi: Malama ta rasu. Ba za ta dawo ba. Ba laifinku ba ne. Kar a ce "ta yi tafiya" ko "tana asibiti", yaro zai yi ta zuwa bakin ƙofarta yana jira, kuma ranar da ya gane sai ya daina yarda da ku. Kurame a faɗa masu da maganar hannu, a nemo wanda ya iya sosai, ba mai kame-kame ba. Wanda bai iya tambaya da baki ba a ba shi takarda da fensir ya zana, ko a bar shi ya riƙe wani abu daga kayan ɗakin.

Kuma a rubuta wa iyaye 'yar takarda ko a yi masu saƙon murya a ranar. A gaya masu kar su tsorata in sun ga yaro ya ja baya, in'ina takan ƙaru lokacin tashin hankali, wani ya koma fitsarin kwance, wani ya yi shiru kwana da kwanaki, wani kuma ya yi ta wasa kamar ba abin da ya faru sai bayan sati biyu ya fashe da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk ba rashin tarbiyya ba ne. Ba duka, ba tsawa, ba "buɗe baki ka yi magana mana".

Yanzu ga babban aikin, wanda nake ganin shi ne ainihin tunawa da ita. Kafin sati biyu a buɗe ɗakinta, mutum uku: shugaban makaranta, malama ɗaya da ta san aikin, da wani daga iyalinta. Dalilin sa ɗan uwanta shi ne irin waɗannan malaman rabin kayan aikinsu da albashinsu suke saya, madubi, katunan hotuna, 'yar tsana, usur, 'yar rikoda, to duk abin da ta saya da kuɗinta ya zama gado, ba na makaranta ba ne don kawai a makaranta yake. A ware, a rubuta, a roƙi magada in za su bar wa makaranta sadaka ko a saya a hannunsu, in akwai marayu ƙanana a cikin magadan to saye ya fi, don ba a kyauta da dukiyar maraya. Littattafan da take rubuta bayanin yara kuwa amana ce ta yaran, su a kulle su a ofis, ba a teburin ɗakin malamai ba inda kowa zai buɗe ya ga ɗan wane ne ke da farfaɗiya.

Wayarta fa? Nan akwai aiki. Yawanci a ciki ne take ɗaukar muryar yaro a farkon zango da ƙarshensa don a ji bambanci, a ciki lambobin iyaye suke, da lambar likitan kunne da take kira kai tsaye. Waya ta magada ce, sai a je da ladabi bayan an share makoki, a ce "Alhaji, don Allah akwai amanar yara a wayar Malama, muna so a kwafe a gabanka", a kwafe a memori ɗaya a ajiye tare da littattafan, sannan a roƙa a goge na yaran kafin wayar ta faɗa hannun wani ko ta je kasuwa. Kar a jinkirta, layi in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na rufe shi, kuma WhatsApp ɗinta zai tafi da shi. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ɗauki bidiyon yaro yana fama da in'ina a haɗa da sauti mai ban tausayi a watsa a Facebook ko TikTok wai don a nuna kirkin Malama. Yaron nan zai girma, zai nemi aure, bidiyon yana nan.

Daga littattafan nan da wayar sai a fitar da takarda ɗaya ga kowane yaro. Ba dogon turanci ba: sunansa da ajinsa, mene ne matsalar a yadda ta rubuta, me suke yi tare, ina suka tsaya, me ta ce za a yi gaba, sai kuma ranar komawa asibiti in akwai. Wannan na ƙarshen shi ya fi saurin ɓacewa, don sau tari ita kaɗai ke riƙe da ranakun a kanta, ita ke kiran uwa ta ce "Maman wane, ranar Talata fa za ku koma". Inda rubutunta bai fito ba a tambayi uwar, uwaye sun san abin da ya fi abin da muke zato, za ka ji ta ce ai Malama ta ce in riƙa sa shi gaban madubi yana kallon bakina in mun ce "ka" da "ta". A yi kwafi biyu, ɗaya ga iyaye ɗaya a fayil. Yaron da za a canza wa makaranta ya tafi da tasa.

A lura da wani abu wajen karanta bayanan. Yaran ba iri ɗaya ba ne ko da duk "ba sa magana sosai". Akwai wanda sanƙarau ya taɓa wa ji, mu nan kowa ya san yadda yake yi lokacin zafi kafin damina ta faɗi, akwai wanda ƙyanda ce, akwai mai kunne da ke zubar da ruwa shekara da shekaru ana ɗiga masa man da ba a san kansa ba. Akwai wanda aka haifa da tsagar leɓe ko ta ganɗa, iska na fita ta hanci in yana magana. Akwai waɗanda suka tsira daga ciwon noma mai cin fuska. Kuma kar a manta da gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, garuruwa irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka rasu saboda niƙan dutsen zinari a cikin gidaje, dalma kuwa ko ba ta kashe yaro ba tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji da saurin koyon magana, kuma haƙar ba a daina ba. Kowane ɗaya hanyarsa daban, shi ya sa ba za a tara su a aji ɗaya a ce wata malama ta riƙa sa su maimaita a, ba, ca ba a ce an ci gaba da aikin Malama.

To wa zai ci gaba? Gaskiya ɗaya ce, malamin aji ba zai zama mai gyaran magana don ya karanta littafinta ba. Aiki ne da ake karanta shi, kuma akwai hukumar da ke yi wa masu shi rajista a Najeriya, MRTB, ita ce dai ke kula da masu gashin ƙashi da masu gwajin ji. Don haka a rubuta wa hukumar ilimi ta jiha a nemi madadi, a rubuce, da sa hannun shugaban PTA, a ajiye kwafi, a kuma ci gaba da bibiya don takarda ba ta tafiya da ƙafarta. A cikin takardar a ambaci dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana ƙara wa buƙatar nauyi. Kafin nan, yaran da ke buƙatar asibiti a tura su: sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin tarayya, wato FMC Gusau, ko asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Masu ciwon noma kuwa asibitinsu na Sakkwato yana nan tun 1999, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na aiki a ciki kuma ana yi masu tiyata kyauta. Duk yaron da maganarsa ta yi jinkiri kuma ba a taɓa gwada jinsa ba, gwajin ji ne farko, kafin rubutu, kafin tofi, kafin a kai wa wanzami ya yanka ƙarƙashin harshe ko ya cire beli. Addu'a muna yi, amma aska ba ta warkar da in'ina.

Abin da malamin aji zai iya kuwa yana da yawa, kuma nan ne ya kamata a kira zama ɗaya na malamai a ce kowa ya faɗi abin da ya taɓa ganin Malama na yi. Za ku sha mamakin abin da zai fito. Mai in'ina ba a ƙarasa masa magana, ba a ce masa "yi a hankali, ja numfashi", kai ne za ka rage saurin taka maganar, ka ci gaba da kallonsa har ya gama, ka amsa abin da ya faɗa ba yadda ya faɗa ba. Kiran rajista da karatu a tsaye gaban aji su ne tashin hankalinsa, a tambaye shi a keɓe yadda yake so, da yawa in suna karatu tare da wani baki ɗaya in'inar takan ragu ƙwarai. Mai nauyin kunne a zaunar da shi gaba, kar ka yi bayani kana fuskantar allo. Yaro ya ce "tale" maimakon "kare", kar ka ce ba haka ba ne, ka ce "eh, kare ne, kare baƙi", ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba. Kuma duk wanda ya kwaikwayi mai in'ina don a yi dariya, ɗalibi ne ko malami, a tsawata masa nan take. In'ina dai takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, yawancin yara tana barinsu da kanta, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke girma da ita, wannan ma a gaya wa iyaye hankalinsu ya kwanta. Wani abu kuma ga baƙon malami, musamman ɗan bautar ƙasa: yaron da ya ce "hwara" ko "mi kac ce" lafiyarsa lau, Zamfarci yake yi, kar a sa shi cikin jerin masu matsala.

Sai maganar taro. Kun san halin da ake ciki, wasu gidajen suna sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu suna ganin bidi'a ce, makaranta ba wurin raba wannan gardama ba ne. Ku bi abin da iyalinta ke yi a gidansu, a makaranta kuma ku sa rana daban, ku kira shi taron addu'a da tunawa da aikin Malama, awa ɗaya ya isa, kuma don Allah ban da babban baƙo na musamman da za a jira har azahar. Wanda ya kamata a ji su ne iyaye. Amma in ka ce wa uwa "faɗi wani abu game da Malama" abin da za ta ce shi ne mutuniyar kirki ce, ba ta da abokin faɗa, Allah Ya jiƙan ta, kowa haka zai ce har a tashi. Tambayar da ke buɗe baki ita ce: wace kalma ce ɗanki ya fara faɗa a hannunta? Me ta ce maki ranar da kika fara kawo shi? Me take yi in ya ƙi? A aika tambayoyin tun kafin ranar, waɗanda ba sa fita taro su turo saƙon murya, wani malami mai kyan rubutu ya zauna ya juye su a littafi ɗaya ba tare da sunayen yaran ba, a ba iyalinta. 'Ya'yanta sun san ta a matsayin Mama mai dawowa a gajiye, yawanci ba su san wa ta buɗe wa baki ba.

Yara kuma kar a tilasta wa kowa hawa dandamali. Na san jarabar, ana so a fito da yaron da ya zo ba ya magana yanzu ga shi yana karanta jawabi, kowa ya yi kuka. In shi ya nema, to, a bar shi, a ba shi lokaci, kar a karɓe makirfon in ya maƙale. In bai nema ba a ƙyale shi. Za su iya yin abu tare, kamar wasan karya harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto in tana yi da su, ko su karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Masu maganar hannu su yi da hannu a lokaci ɗaya. Yaro mai in'ina ya san cewa Annabi guda ya yi wannan roƙon, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Kuɗi za su taru, ko ba yawa. Kafin a tara a yanke me za a yi da su, in ba haka ba rigar anko da bugun kalanda za su cinye. Hadisin da Muslim ya ruwaito kowa ya haddace shi: in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mu da mun ji sadaka mai gudana sai rijiya da buta a masallaci, suna da kyau, amma ga wannan baiwar Allah akwai wadda ta fi kama da ita. Kuɗin mota. Gusau zuwa Sakkwato ya haura kilomita 200, ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara, uwa da yaro zuwa da dawowa ga abinci ga wataƙila kwana, ga hanyar da ba a son bin ta da yamma, wannan kuɗin ne ke hana yara da yawa komawa ganin likita ko da maganin kyauta ne. Sai batirin na'urar ji, wanda ke ƙarewa cikin 'yan kwanaki ko sati biyu, na'ura mai tsada ta koma ajiya a cikin kwalla saboda batir. In kuɗin sun yi kauri, a ɗauki nauyin wata matashiyar malama 'yar gari, wadda ba za ta gudu ba, ta je ta karanto ilimin masu buƙata ta musamman, akwai sashen a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da ta Ibadan, akwai kuma kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo.

Asusun kar ya zauna a akawun ɗin mutum ɗaya komai amanarsa. Mutum uku masu sa hannu, ɗaya malami ɗaya daga iyaye ɗaya daga danginta, kuma duk wata a sa abin da ya shigo da abin da ya fita a guruf ko da naira dubu biyu ce. Wanda ke son ya yi wakafi na dindindin da sunanta, kamar shago da za a riƙa karɓar haya, ya je Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha a rubuta shi yadda ya dace don kar magadansa su tayar da magana gobe. Haƙƙoƙinta na aiki kuma daban ne, na iyalinta ne, kar a cakuɗa. Taimakon da makaranta za ta yi a nan shi ne takardu: takardar shaidar rasuwa, takardar kama aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardar kotu ta magada, da malami ɗaya da ya san ofisoshin ya riƙa raka maigidan ko ɗanta.

Ɗakin nata in son samu ne kar a mayar da shi sito. A sa sunanta a ƙofa in iyalinta sun yarda, a bar madubin da tabarmar, a sa awa biyu a jadawalin sati da malamar da aka wakilta za ta riƙa zama da yaran tana bin takardunsu. A kalandar makaranta kuma akwai ranaku biyu da za a iya jingina da su don kar abin ya mutu bayan shekara ɗaya: 3 ga Maris ranar ji ta duniya, da 22 ga Oktoba ranar wayar da kai kan in'ina. Ta Oktoba ta faɗo daidai, sabbin 'yan aji ɗaya sun yi wata guda da shigowa, malamansu sun fara gane wanda ba ya juyowa in an kira shi daga baya da wanda ba a fahimtar abin da yake faɗa. A ranar sai kowane malamin aji ya kawo sunayen da ya lura da su, a kira iyayen ɗaya bayan ɗaya a keɓe, a buɗe wa kowane yaro takardarsa, wanda ke buƙatar gwajin ji a cire masa kuɗin mota daga asusun.